BABI NA UKU: ANNOBAR ZAZZAƁIN DENGI TA 1981 A KYUBA DA ABUBUWAN DA SUKA SHARE MATA HANYA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi annobar zazzaɓin dengi da ta auka wa ƙasar Kyuba a shekarar 1981, wadda ita ce karo na farko da nau'in cutar mai haddasa zubar jini ya ɓarke a matsayin annoba a nahiyar Amurka. An zaɓi wannan annoba ne domin a cikinta hanyoyi biyu na tunkarar cutar suka haɗu, wato riga-kafi ta hanyar kashe sauro, da kuma jinyar wanda ya riga ya kamu. Kowace daga cikinsu tana da nata tarihi, kuma ba a ƙasa ɗaya suka taso ba. Ta farko a Birazil ta yi ƙarfi, ta biyu kuwa a wani asibitin yara na birnin Bankok aka rene ta. Saboda haka dole ne a bi ta waɗannan wurare kafin a iso Habana. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, ilimin jinya idan an same shi yakan zauna, amma nasara a kan sauro takan kuɓuce da zarar hukuma ta ɗauke ido ta kuma janye kuɗi.

Batun bai yi wa ƙasar Hausa nisa kamar yadda sunayen wuraren za su sa a zata ba. Sauron da ke yaɗa cutar asalinsa ɗan Afirka ne, kuma tun tsakanin 1964 da 1968 masu bincike a Ibadan suka ware ƙwayar cutar daga jinin masu zazzaɓi. A ƙarshen 2023 hukumar daƙile cututtuka ta Nijeriya ta tabbatar da ɓullarta a Jihar Sakkwato. Da yake kamanninta na farko ba su da bambanci da na zazzaɓin maleriya, sau da yawa maganin maleriya ake bai wa mai ita.

3.1 Cutar da Sauronta

Bayani na farko mai gamsarwa a kan wannan cuta ya fito ne daga likita Benjamin Rush, wanda ya ga annobarta a birnin Filadelfiya na Amurka a 1780, ya kuma wallafa abin da ya gani a 1789. Mutanen garin suna kiran ta zazzaɓi mai karya ƙashi, saboda tsananin ciwon gaɓoɓi da na baya da take sa wa mutum, ga ciwon kai da ciwon bayan ido, wani lokaci har da ƙuraje. Sunan dengi kuwa ya bazu ne bayan annobar tsibiran Karibiyan ta 1827 zuwa 1828, kuma masana da dama suna ganin tushensa daga harshen Swahili yake. Na tsawon fiye da shekara ɗari ana ɗaukar ta cutar garuruwan gaɓar teku, mai kwantar da gari kacokan ta wahalar da mutane na mako guda, sannan ta wuce ba tare da ta kashe da yawa ba. Abin da ya faru a Girka a 1927 zuwa 1928, inda dubban ɗaruruwa suka kamu a Atina da kewayenta kuma fiye da mutum 1,000 suka rasu, an ɗauke shi a matsayin abin da ba kasafai ba.

Sanin mai yaɗa ta ya biyo ne ta kan wata cutar, wato zazzaɓin shawara. A 1881 likitan Kyuba Carlos Finlay ya bayyana a Habana cewa sauro ne ke ɗaukar shawara daga mutum zuwa mutum, aka yi biris da shi har kusan shekara ashirin, sai a 1900 tawagar Walter Reed ta sojojin Amurka ta tabbatar da maganarsa. A 1906 Thomas Bancroft ya nuna a Ostireliya cewa wannan sauron dai, mai suna Aedes aegypti a kimiyyance, shi ne ke yaɗa dengi. Ita kanta ƙwayar cutar sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka ware ta: Kimura da Hotta a Japan a 1943, sai Albert Sabin a 1944, wanda ya gane cewa ba iri ɗaya ba ce. A 1956 William Hammon ya samo iri na uku da na huɗu a Manila. Wannan batu na iri huɗu shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, domin wanda ya kamu da iri ɗaya ya sami garkuwa daga wannan irin har tsawon rayuwarsa, amma kariyar da yake samu daga sauran ukun ta ɗan lokaci ce kawai.

Halin sauron ya bambanta da na sauron maleriya. Ba ya neman kududdufi ko fadama. Ruwa mai tsabta da ɗan Adam ya ajiye yake so, kamar na randa da duro da tanki da kaskon fure da gwangwani da tsohuwar taya. Macen takan manna ƙwanta a jikin mazubi, sama kaɗan da bakin ruwa, kuma ƙwan kan yi watanni a bushe bai mutu ba, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana bakwai zuwa goma ya zama sauro. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma gab da magariba, don haka gidan sauro na dare bai cika tare shi ba. Ba ya kuma tashi nesa da gidan da aka haife shi. Wannan hali na zama tare da mutane shi ya sa ya zama abin tsoro, shi ne kuma ya sa wasu suka ga cewa ana iya ƙarar da shi ɗungurungum, tunda an san inda yake kwana.

3.2 Fred Soper da Shirin Ƙarar da Sauro

Mutumin da ya fi kowa riƙe wannan ra'ayi shi ne Fred Soper, Ba'amurke ma'aikacin Gidauniyar Rockefeller, wanda ya jagoranci yaƙi da shawara a Birazil daga 1930. Gwamnatin Getúlio Vargas ta ba hukumarsa ikon shiga kowane gida, da zuba mai a ruwan da aka sami tsutsar sauro, da fasa mazubin da ba shi gyaruwa. Soper ya rarraba birane unguwa-unguwa, ya sa wa kowane gida lamba, ya ba kowane mai duba-gari jerin gidajen da zai shiga a mako da lokacin da zai kasance a kowanne. A bayan mai duba-gari akwai mai duba aikinsa, a bayan wannan kuma akwai wata tawaga da ke farautar manyan sauro domin gano inda aka yi ha'inci. Ana ba da labarin cewa wata rana rumbun makamai ya fashe kusa da Riyo, Soper ya duba jadawali ya ga akwai ma'aikacinsa da ya kamata a ce yana wurin a daidai wannan lokaci, sai ya aika wa matarsa ta'aziyya. Da gari ya waye mutumin ya zo aiki lafiya lau, nan take aka kore shi, domin rayuwarsa ta nuna ba ya inda aka tura shi. Labarin ya nuna irin horon da aikin yake tafiya a kansa.

Da wannan tsari Soper ya kawar da sauron maleriya na Afirka daga arewa maso gabashin Birazil tsakanin 1939 da 1940, abin da ya ɗaga darajarsa ƙwarai. A 1947 ya zama shugaban Hukumar Lafiya ta Nahiyar Amurka, kuma a wannan shekara ƙasashen nahiyar suka amince a Buenos Aires da shirin ƙarar da Aedes aegypti baki ɗaya. A lura cewa shawara ake nufi da shirin, dengi ta ci albarkacinsa ne kawai. Ga sabon maganin ƙwari na DDT, mai arha, mai daɗewa a jikin bango da mazubi. A 1958 aka ayyana Birazil a matsayin wadda ta rabu da sauron, zuwa 1962 kuwa ƙasashe 18 da wasu tsibirai sun kai wannan matsayi. A tarihin kiwon lafiya da wuya a sami nasara irin wannan a kan ƙwaro ɗaya.

Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba. Sauron ya ci gaba da zama a kudancin Amurka da Benezuwela da Kyuba da wasu tsibiran Karibiyan. Amurka, wadda ta fi kowa hali, ba ta fara nata shirin ba sai 1964, ta kuma dakatar da shi a 1969, domin shawara ba ta dame ta ba, kuma Ba'amurke ba ya yarda ma'aikacin gwamnati ya kutsa masa gida. A wasu wuraren sauron ya fara jure wa DDT. Ƙasashen da suka yi nasara kuwa suka ga babu dalilin ci gaba da biyan dubban ma'aikata albashi don neman abin da ba a gani, ga kuma allurar riga-kafin shawara tana aiki, sai aka karkatar da kuɗin zuwa wasu buƙatu. Daga ƙasashen da ba su gama ba sauron ya riƙa komawa a cikin jiragen ruwa da tsofaffin tayoyi. An sake ganin sa a Belém ta Birazil a 1967, aka kore shi, ya dawo a 1976, daga nan bai sake fita ba. Birnin da ya tarar kuma ba irin wanda Soper ya sani ba ne: jama'a sun ninka, unguwannin talakawa sun bazu ba famfo, kowa yana tara ruwa a duro, ga robobi da gwangwanaye da ba su ruɓewa. Idan aka yi adalci, ba dabarar Soper ce ta gaza ba. Sharaɗinta ne ya yi tsauri, wato kowace ƙasa ta gama a lokaci ɗaya, kuma babu mai ikon tilasta wa Amurka.

3.3 Bankok: Yadda Aka Koyi Jinya

A daidai lokacin da ake murnar nasara a nahiyar Amurka, cutar tana sauya kama a kudu maso gabashin Asiya. Yaƙin Duniya na Biyu ya yi ta kai sojoji da 'yan gudun hijira daga wannan tsibiri zuwa wancan, ya cakuɗa ire-iren ƙwayar a birane guda. A 1953 zuwa 1954 likitocin Manila suka ga yara suna zuwa da zazzaɓi, sannan jini ya tsinke musu ta hanci da dasashi da hanji, jiki ya yi sanyi, su mutu cikin sa'o'i. A 1958 irin wannan ta ɓarke a Bankok, inda fiye da kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka kwantar suka rasu.

A Asibitin Yara na Bankok, likita Suchitra Nimmannitya da abokan aikinta suka shafe shekaru suna lura da dubban yara a gefen gado, har suka gano cewa ba zubar jinin da ake gani da ido ce ta fi kisa ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙananan jijiyoyi kan yi yoyo, ruwan jini ya tsiyaye zuwa cikin ƙirji da ciki, jinin da ya rage ya yi kauri ya kasa zagayawa. Abu na biyu da suka gano ya fi ban tsoro: yoyon yakan fara ne a lokacin da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai, wato daidai lokacin da uwa ke ganin ɗanta ya sami sauƙi. Abu na uku shi ne yoyon ba ya wuce sa'a 24 zuwa 48, daga nan jijiyoyin kan toshe da kansu. Ke nan aikin likita shi ne ya riƙe yaron da ƙarin ruwa har wannan ɗan lokaci ya wuce. Ana auna kaurin jini a kai a kai, idan ya hau da kashi 20 cikin ɗari an san yoyo ya kama, sai a ƙara ruwa gwargwado. Haka kuma dole a san lokacin tsayawa, domin idan jiki ya fara janyo ruwan da ya tsiyaye alhali ana ci gaba da ɗura wani, sai huhu ya cika, yaron da cuta ta bari magani ya kashe shi. Sun kuma hana ba da asfirin saboda yana tsinka jini, aka tsaya a kan farasitamol.

Babu wani sabon magani a cikin wannan. Ruwan gishiri ne da allura da na'urar auna jini da ma'aikaciyar jinya mai sa ido dare da rana. Duk da haka, da shi aka sauko da mace-mace daga inda kan iya wuce kashi 20 cikin ɗari idan ba kulawa zuwa ƙasa da kashi 1. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran jinya wanda aka gina a kan aikin Bankok. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana kashe ƙwayar dengi a jikin mutum, kuma wannan tsari shi ne dai ake bi.

A Bankok ɗin ne kuma Scott Halstead, likitan sojan Amurka, ya lura cewa akasarin yaran da cutar ta tsananta a kansu kamuwa ta biyu ce suka yi, da iri dabam da na farko, sai kuma jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya waɗanda suka gaji garkuwa daga iyayensu mata. Ya kawo ra'ayin cewa tsohuwar garkuwar, maimakon ta kashe sabon irin, sai ta kama shi ta shigar da shi cikin ƙwayoyin jini inda zai hayayyafa. Masana da yawa ba su gamsu ba, domin a Bankok ire-iren huɗu suna yawo tare, da wuya a tantance wa ya kamu da me, kuma yaushe.

3.4 Kyuba, 1977 zuwa 1981

Kyuba ta rabu da annobar dengi tun shekarun 1940, ko da yake sauron yana nan. A 1977 iri na ɗaya ya shigo yankin Karibiyan ta Jamaika, ya tsallaka Kyuba ya tarar da jama'a ba garkuwa. An ba da rahoton fiye da mutum 400,000, binciken jini da aka yi daga baya kuma ya nuna kimanin kashi 44 cikin ɗari na mazauna birane sun kamu. Cutar ta zo da sauƙi, irin wadda Rush ya bayyana, ta wuce. Ba a ɗauki wani babban mataki a kan sauron ba, kuma wannan sakaci shi ne babban laifin hukumomin ƙasar a cikin wannan tarihi, domin abin da Halstead ya faɗa yana rubuce tun kafin lokacin.

A ƙarshen watan Mayu na 1981 asibitocin yara na Habana suka fara karɓar yara masu zazzaɓi da zubar jini da sanyin jiki. Likitocin ba su taɓa ganin irin wannan ba, har wasu suka fara zaton sanƙarau ne. Masu binciken ƙwayoyin cuta, cikinsu har da Gustavo Kourí da María Guadalupe Guzmán, suka tabbatar cewa iri na biyu ne ya shigo. Damina ta kama, cutar ta bazu duk tsibirin, a ranar 6 ga Yuli kaɗai aka rubuta fiye da mutum 11,000. Kafin ta lafa an ƙidaya mutum 344,203 a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan goma ba, 10,312 daga cikinsu masu tsanani, kuma mutum 158 suka rasu, 101 yara ne. Domin a gane girman abin, kafin wannan shekara duk nahiyar Amurka ba a ba da rahoton masu nau'in zubar jini da suka wuce kimanin 60 ba. A jawabinsa na 26 ga Yuli, Fidel Castro ya zargi Amurka da shigo da cutar da gangan, Amurka kuma ta musanta. Ko ta wace hanya ƙwayar ta shigo, sauron da ya yaɗa ta a tankunan Kyuba ya girma.

Abin da ya cancanci nazari shi ne ƙarancin waɗanda suka mutu. Idan aka kwatanta 158 da 10,312, za a ga bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, alhali Bankok a annobarta ta farko ta yi asarar fiye da kashi 10. Dalili na farko shi ne likitocin Kyuba ba daga tushe suka fara ba, sun tarar da jagoran 1975, aka yaɗa ƙa'idojinsa ga asibitoci cikin gaggawa. Dalili na biyu shi ne shawarar da aka yanke ta kwantar da duk wanda ake shakka a kansa ba tare da jiran ya tsananta ba. Fiye da mutum 116,000 aka kwantar cikin 'yan watanni. Da gadaje suka ƙare, sai aka mayar da makarantun kwana asibitoci, da yake ɗalibai suna hutu, aka tura ɗaliban likitanci da na jinya su riƙa zagayawa suna auna bugun jini suna duba alamu. Wanda ya fara ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko rashin natsuwa, ko yawan barci, sai a garzaya da shi babban asibiti kafin jikinsa ya yi sanyi. Wannan mataki ya yi tsada, kuma yawancin waɗanda aka kwantar da sun warke a gida. Amma tunda babu mai iya sanin wane ne zai tsananta tun ranar farko, kuma tazarar da ke tsakanin sauƙi da mutuwa sa'o'i ce, kwantarwar ita ce ta sa mara lafiya yana kusa da ƙarin ruwa a lokacin da ya buƙace shi. Keɓe marasa lafiya a wuraren da aka yi wa feshi ya kuma rage wa sauro inda zai ɗebi ƙwayar. Likitocin yara na Kyuba, musamman Eric Martínez, sun ci gaba da rubutu a kan waɗannan alamu na gargaɗi, waɗanda suka shiga sabon rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009. Annobar ce kuma ta sa aka gina sassan kulawa ta musamman a asibitocin yara na ƙasar.

Ta fuskar sauro kuwa, tsarin Soper aka farfaɗo da shi kusan ba canji, illa magungunan da suka sauya. An ɗauki dubban ma'aikata, aka raba musu gidaje, aka zuba maganin tsutsa na temefos a duk mazubin ruwa, aka yi feshin malatiyon a cikin gidaje da tituna har da ta jirgin sama. Ƙungiyoyin unguwa suka fito kwashe shara da tayoyi da gwangwanaye, aka hana ajiye fure a ruwa har a maƙabartu, aka sa tara a kan wanda aka sami tsutsa a gidansa. An ga mara lafiya na ƙarshe a ranar 10 ga Oktoba, wato wata huɗu da 'yan kwanaki bayan an gano cutar, kuma gidajen da ake samun tsutsa suka koma ƙasa da ɗaya cikin ɗari. An ƙiyasta annobar ta ci dalar Amurka miliyan 103, daga ciki miliyan 43 yaƙi da sauro ya cinye, miliyan 41 kuma jinya.

Bugu da ƙari, Kyuba ta warware gardamar da Bankok ta kasa warwarewa. Da yake annoba biyu ce kawai, iri na ɗaya a 1977 da iri na biyu a 1981, an san tarihin jinin kowa. Kusan dukkan waɗanda cutar ta tsananta a kansu sun taɓa kamuwa a 1977. Yara 'yan shekara ɗaya da biyu, waɗanda aka haifa bayan annobar farko ta wuce, sun kamu da iri na biyu kamar kowa amma nau'in zubar jini ya tsallake su, alhali yayyensu 'yan shekara uku zuwa sama suna cika asibiti. An kuma lura cewa masu asma da ciwon sukari da amosanin jini sun fi shiga haɗari, kuma fararen fata sun fi baƙaƙe tsananta.

3.5 Bayan 1981

Shekara goma sha biyar Kyuba ta yi ba ta ga yaɗuwar dengi ba, a lokacin da maƙwabtanta ke fama: Riyo a 1986, sai Benezuwela a 1989 zuwa 1990 inda nau'in zubar jini ya kama fiye da mutum 3,000. Amma rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991 ta jefa tattalin arzikin Kyuba cikin mawuyacin hali. Man fetur da magungunan feshi suka yi ƙaranci, famfo ya riƙa ɗauke ruwa na kwanaki, mutane suka koma tara ruwa a duk abin da suka samu. A 1992 sauron ya sake shiga birnin Santiyago a cikin tayoyin da aka shigo da su daga waje, a 1997 kuma iri na biyu ya ɓarke a can. An tabbatar da mutum 3,012, daga ciki 205 masu nau'in zubar jini, 12 suka rasu, dukkansu manya. Masu tsananin kusan duka waɗanda suka kamu da iri na ɗaya ne shekara ashirin da suka wuce. Yaran da aka haifa bayan 1981 sun kamu, amma da sauƙi. Wannan ya nuna haɗarin kamuwa ta biyu ba ya gushewa da tsawon zamani. Ya kuma nuna iyakar tsarin duba-gari: ƙasar da ta fi kowace ikon shiga gidajen mutane ta kasa hana sauro zama a birnin da ba a ba shi ruwan famfo kullum.

Wannan batu na kamuwa ta biyu shi ne ya yi wa allurar riga-kafi tarnaƙi. Allurar da za ta kare mutum daga wasu ire-ire ta bar wasu tana iya zame masa tamkar kamuwa ta farko. An ba allurar Dengvaxia ta kamfanin Sanofi lasisi a ƙarshen 2015, ƙasar Filifin ta fara yi wa 'yan makaranta a 2016 har fiye da yara 800,000. A Nuwamba na 2017 kamfanin ya sanar cewa tana ƙara haɗarin tsananin cuta ga wanda bai taɓa kamuwa ba, aka dakatar da shirin a Disamba. Halstead ya yi gargaɗin haka tun 2016. Amincewar iyaye da allurai baki ɗaya ta yi ƙasa, kuma ƙyanda ta ɓarke a ƙasar a 2019. Wata allurar, Qdenga ta kamfanin Takeda, ta sami amincewar Tarayyar Turai a 2022, Birazil kuma ta fara yi wa yara ita a Fabrairun 2024.

A ɓangaren sauro an sauya dabara daga ƙarar da shi zuwa lalata masa ikon ɗaukar cutar. A 2011 masu bincike a ƙarƙashin Scott O'Neill suka saki sauro mai ɗauke da ƙwayar Wolbachia a kusa da birnin Cairns na Ostireliya. Wannan ƙwaya tana hana dengi hayayyafa a jikin sauro, kuma uwa tana gadar wa 'ya'yanta ita, don haka ba sai an riƙa sabunta aikin kowane mako ba. Gwajin da aka yi a birnin Yogyakarta na Indunusiya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna raguwar kamuwa da kashi 77 cikin ɗari, da raguwar kwanciya asibiti da kashi 86. Duk da haka yankunan da aka kai wannan dabara kaɗan ne idan aka kwatanta da inda sauron yake. A 2024 ƙasashen nahiyar Amurka sun ba da rahoton kimanin mutum miliyan 13 da suka kamu, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma fiye da miliyan 6 daga cikinsu a Birazil suke, ƙasar da aka ayyana ta rabu da sauron a 1958.